Sabo Ake Wa Kuka: Haƙƙin Jariri A Ƙasar Zurmi Da Shinkafi

A duk lokacin da masifa ta auka wa wani ƙauye a arewacin Zamfara, tun daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, ko daga Zurmi a miƙi hanyar Jibiya har Gurbin Ɓore, akwai lissafin da jama'a da hukuma da 'yan jarida suka saba yi tun ƙura ba ta lafa ba: rayuka nawa aka rasa, shanu nawa aka kora, rumbuna nawa aka cinna wa wuta, mutum nawa aka yi daji da su, kuma nawa aka yanka musu na fansa. Lissafi ne na wajibi, ba ni da ja a kansa. Amma akwai wata hasara da ba a shigar da ita cikin ƙidaya, saboda masu ita ba su iya magana ba tukuna, balle su kai kuka gaban hakimi, wato hasarar jaririn da ya kwana a bayan wadda ya sani, ya wayi gari a hannun wadda bai sani ba. Abin da nake nufin in tabbatar wa mai karatu shi ne, shaƙuwar da ke tsakanin jariri da mai renonsa buƙata ce ta rayuwa, matsayinta ɗaya da nono da barci, kuma ban da abin da 'yan bindiga suke yankewa da ƙarfin tsiya, mu da kanmu muna yanke wani sashe nata da hannuwanmu, a wuraren da babu wata lalura da ta tilasta mu.

Bari mu fara da yadda abin yake tsirowa. Jariri yakan zo duniya ya riga ya san muryar mahaifiyarsa, domin ya daɗe yana jin ta tun yana ciki, kuma cikin 'yan kwanaki yake rarrabe ƙanshin nononta da na wata. Idonsa kuwa, wanda bai iya hangen nesa ba, Allah cikin hikimarSa Ya daidaita ganinsa da kimanin tazarar da ke tsakanin ƙirjin mai shayarwa da fuskarta. Wajen kwana arba'in, daidai lokacin da mai jego take shirin ajiye wankan ganye da kunun kanwa, sai ya soma mayar da murmushi ga wanda ya yi masa. A waɗannan watanni na farko zaɓinsa bai tsananta ba, kowa ya miƙo hannu yakan je. Sai ya kai wata bakwai ko takwas al'amari ya sauya: baƙuwa ta yi sallama ta shigo, ta miƙa masa hannu, ya dube ta tsaf, ya juya ya cusa fuska a wuyan wadda ke riƙe da shi, in an matsa masa ya ɓare baki. A nan ne mata suke cewa ya fara ƙiwa.

Abin da ya gudana tsakanin arba'in da ƙiwa ba a cika lura da shi ba, don ƙanƙantarsa da yawan maimaituwarsa. A tsaya a dubi mace tana daka da goyo a bayanta. Yaron ya motsa, bai ko buɗe baki ba, ƙafarsa ce kawai ta ɗan miƙe a kwiɓinta; ita kuwa ba ta waiwaya ba, ba ta katse hirar da take yi da kishiyarta ba, sai dai ta saki taɓarya da hannu ɗaya, ta kai tafinta baya ta bubbuga ƙasan majanyi, ta ɗan jijjiga jiki, ya lafa. In bai lafa ba ta sassauta zane, ta zagayo da shi ta ƙarƙashin hammata, ta sa masa nono. Haka ake yi safe da rana da tsakar dare, har abin ya zauna a zuciyar yaron ya zama yaƙini, cewa in ya yi kira za a amsa masa, kuma akwai takamaiman mutumin da ke amsawa. Da wannan yaƙini ne, ranar da ya fara rarrafe, yake iya barin cinya ya nufi bakin ƙofa, ya waiwayo ya ga tana nan, ya ƙara gaba. Da zarar akuya ta yi kuka kusa da shi, ko wani baƙon namiji ya yi gyaran murya a zaure, sai ya juyo da sauri ya kama zanenta, ya huta, sannan ya sake fita.

Saboda haka ina ganin an zalunci ƙiwa da aka lissafta ta cikin aibi. Sau da yawa za ka ji uwar miji tana cewa, "Ke 'yar nan, ajiye shi ya yi kukansa, kin saba masa da hannu, ga shi nan ba ya yarda da kowa." Yarinya ta ce, "To, Inna," ta ajiye shi, zuciyarta na can wajensa. Alhali kuwa yaron da ya san nasa ya ƙi na wani, shaida yake bayarwa cewa hankalinsa ya soma aiki, kuma an yi masa reno na gaskiya. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne ɗan shekara guda da kowa ya ɗauka ya bi, kowa ya ajiye ya zauna, ba ya yi wa tafiyar kowa kuka, ba ya yi wa dawowar kowa murna.

Malaman Turai sun daɗe suna zaton cewa wannan ƙauna ta ciki ce kawai, wai jariri yana son uwarsa ne don ita ke da nono. Wanda ya rushe wannan zato shi ne wani likitan Ingila, John Bowlby, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa aikin duba halin yaran da Yaƙin Duniya na Biyu ya raba da iyayensu, ya fitar da rahotonsa a 1951, inda ya nuna cewa yaron da aka ciyar aka tufatar, amma aka hana shi mutum ɗaya tabbatacce da zai jingina da shi, yakan tashi da rauni a jikinsa da hankalinsa da ɗabi'arsa. A Amurka kuma Harry Harlow ya jarraba abin da 'ya'yan birai a 1958, ya ƙera musu uwa biyu, ɗaya ta waya mai ɗauke da madara, ɗaya ta tsumma mai laushi ba ta da komai. Sai ga shi suna zuwa wajen ta waya su sha su ƙoshi, su koma su wuni manne da ta tsumma, kuma in an firgita su ita suke ruga wa. Abin da ya fi shafar halinmu na yau, shi ne abin da Bowlby da abokin aikinsa James Robertson suka gani ga ƙananan yaran da ake kwantarwa a asibiti ana hana iyayensu zama da su. Sun tarar yaro yakan bi hawa uku: da fari kuka da bore da neman uwa ta ko'ina, sannan yanke ƙauna, ya yi lakwas ya daina kuka ya rage cin abinci, daga ƙarshe ya saki jiki da kowa, ya zama kamar bai damu ba, har in uwar ta dawo ya kau da kai daga gare ta. Ma'aikatan asibiti suna ganin hawa na biyu sai su ce ya saba, ya yi haƙuri. Mu ma abin da muke cewa ke nan, ya dangana.

Kada wani ya ce wannan ilmin Nasara ne da aka auna da 'ya'yan Nasara. Mary Ainsworth, wadda ta kafa wa wannan fanni ginshiƙinsa na biyu, a ƙauyukan Yuganda kusa da Kamfala ta fara bincikenta a 1954 da 1955, tana shiga gidaje tana zama da mata masu goyo. Mu kanmu ma an zo har gida an duba mu. A 1977 aka buga wani bincike na Robert Marvin da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu, wanda suka yi a kan jarirai 18 a wani garin kasuwa na ƙasar Hausa, suka zauna cikin gidaje masu mata da yawa suna lura da wanda ke ɗaukar yaro, da wanda yaro ke nema in ya tsorata. Abin da suka samu ya cancanci kowane magidanci ya san shi. Kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu a gidan, amma a cikinsu akwai guda ɗaya da ya fifita, wadda in abu ya yi tsanani ita yake nufa. Kuma wannan ɗayar ita ce wadda ta fi yawan ɗaukarsa da kula shi, ko da ba ita ce mai shayar da shi ba. Wani yaron uwarsa ce, wani kakarsa, wani kishiyar uwarsa. Fa'ida biyu ke cikin wannan. Ta farko, gidan Bahaushe na gargajiya, da yawan hannuwansa, rahama ce ga jariri, domin yana ba shi wuraren fakewa fiye da ɗaya. Ta biyu, wadda muka fi gafala da ita, yawan hannu bai shafe buƙatar hannu ɗaya na musamman ba. Ɗa na kowa ne a bakin manya, amma shi ɗan ya riga ya yi zaɓinsa, kuma ba a shawarce mu ba.

Wannan ne ya sa nake kare al'adar kunyar ɗan fari daga masu yi mata kallon rashin ƙauna, ko da yake kariyar tawa da sharaɗi take. Gaskiya ne yarinyar da ta yi haihuwar fari ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma ko nono sai an matsa mata take ba shi a gaban surukai, kuma shi ɗan yakan tashi yana kiran kakarsa Inna, yana kiran mahaifiyarsa Yaya ko da sunanta. Baƙo ya gani sai ya ce an yi wa yaron rowar so. Amma waɗanda suka kafa al'adar ba su bar gurbin fanko ba: goyon ciki gidan iyaye ake zuwa, kaka ce ke karɓar jariri daga hannun ungozoma, ita ke yi masa wanka da tawai da kirari, ita ke kwana da shi in ya yi rigima, gwaggo da inna da yayye suna kewaye. Tsohuwar nan Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'ya sun tashi a hannunta a matsayin uwa, kuma babu gari a ƙasar Hausa da babu irinta. Kunya ta yi aiki ne domin akwai wadda ba ta jin kunyar yaron a tsaye kusa.

To, yanzu a dubi abin da ya sami wannan tsari a ƙasar Zurmi da Shinkafi. A ƙarshen watan Yuli na 2018 kaɗai, bisa rahoton ƙungiyar Amnesty International, an kai hari ƙauyuka 18 a gundumomin Mashema da Kwashabawa da Birane na ƙaramar hukumar Zurmi, aka kashe aƙalla mutum 42, mutum wajen 18,000 suka tsere zuwa cikin garin Zurmi. A shekarar da ta biyo baya dubun-dubatar mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi, kuma daga wancan lokaci zuwa yau gudun bai tsaya ba. Gudu kuwa ba ya tafiya da gida ɗungurungum. Tsohuwar da ba ta iya sauri takan tsaya, ko ta bi wani ɗan nata zuwa Ƙauran Namoda. Kishiya ta koma danginta. Miji ya tafi Kudu neman abin sakawa a baka. Sai a wayi gari ga yarinya 'yar shekara goma sha shida da ɗan fari a hannu, a kusurwar ajin makarantar firamare ko cikin kangon wani bawan Allah, kunyar da aka koya mata tana nan daram, kakar da za ta cike gurbi kuwa babu ita. Wannan yaro ba shi da mai yi masa tawai a duniya. A irin wannan hali kunya ta tashi daga ladabi ta koma cuta, kuma wajibi ne manyan mata su buɗe baki su ce wa irin waɗannan 'yan mata, "Ɗiyata, ɗauki ɗanki ki dube shi, ki yi masa magana, babu mai yi miki dariya." Haka kuma 'yar raino, wadda a da taimako take yi a ƙarƙashin idon manya, yau ita ake bar wa jariri tun safe har la'asar, tana 'yar shekara shida, uwar ta tafi aikatau ko surfe ko bara.

Yunwa ta zo ta haɗu da wannan. Ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara fiye da 97,000 a ƙananan hukumomin biyu tare da ma'aikatar lafiya a watan Yuni na 2024, ta tarar kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa. Wanda ya taɓa shiga ɗakin da ake kwantar da masu tamowa mai tsanani ya san abin da ya fi tayar da hankali a cikinsa shi ne ƙarancin kuka: yaro kwance, ido buɗe, ƙuda ya sauka a gefen bakinsa bai kore ba, a tafa hannu a gabansa bai bi da kallo ba, uwar na zaune a bakin gado ta zuba tagumi, ita ma idonta a buɗe, amma zuciyarta na can inda aka kashe mijinta. Ciwon ya zama biyu, kowane na ciyar da ɗan'uwansa, domin yaron da ba ya kira ba a cika amsa masa ba, uwar da baƙin ciki ya danne kuwa ba ta jin ƙaramin kira. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wasa da yaro da rarrashinsa cikin matakan jinyar tamowa, kafaɗa da kafaɗa da madara da magani. Hujjar haka ta fito fili a tsibirin Jamaika, inda Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 waɗanda yunwa ta tsumburar a wajajen 1986, wasu aka ba su ƙarin madara, wasu kuma aka riƙa ziyartar iyayensu mata mako-mako har shekara biyu ana koya musu wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara ashirin aka sake neman su, sai aka tarar amfanin madarar ya dushe, amma waɗanda aka yi wa wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa ba da wajen kashi 25 cikin ɗari.

Abin da 'yan bindiga suka yi, Allah Ya isa. Zan juyo ga abin da ke hannunmu, in fara da marayu. In aka yi wa mace rasuwa, ko aka tafi da ita daji, bayan an share makoki sai dangi su zauna a zaure su raba 'ya'yanta kamar ana kason watanda: babban ya bi baffansa zuwa Gusau, mai bi masa a kai shi almajiranci, macen gwaggo ta ɗauka, na goye kuwa a ba duk wadda ke da nono ko hali. Niyyar kirki ce, kowa yana son ya ɗauki nasa kason nauyin zumunta. Sai dai babu mai tambayar wa jaririn nan ya saba da shi, alhali sau da yawa yayarsa 'yar shekara tara, wadda aka ba gwaggo, ita ce mutum na biyu a duniyarsa bayan uwarsa, da an bar su tare da an rage masa rabin maraici. Mafi muni shi ne yawo da yaro, wata uku nan, wata biyu can, duk inda ya fara sabo a ɗauke shi, har zuciyarsa ta gaji da kamawa ta daina. Haka nan in Allah Ya kuɓutar da uwa bayan watanni ta dawo, ɗanta ya ƙi ta, kada a ce ya manta da ita, kada kuma a fizge shi rana ɗaya daga wadda ta riƙe shi. A bar su ukun wuri ɗaya na wani lokaci, zai komo da kansa.

Ina kuma jan hankalin masu hannu da shuni da gwamnati, waɗanda da zarar an ambaci marayu sai tunaninsu ya tafi ga gina babban gida da gadaje a jere da allo a ƙofa. An gwada wannan a ƙasar Romaniya, inda bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989 aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu na hukuma, ana ciyar da su bisa ƙa'idar agogo, ma'aikata na canjin aiki, babu mai ɗaukar wani don kansa. Masu bincike sun bi yara 136 a birnin Bukares tun daga shekarar 2000, aka mayar da rabinsu hannun iyalai. Waɗanda aka mayar sun fi waɗanda aka bari kaifin hankali da iya shaƙuwa, kuma mafi samun sauƙi su ne waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Kuɗin da za a kashe wajen tubali da fenti, in aka ba kakar yaro ko innarsa wata-wata ta riƙe shi a ɗakinta, ya fi maslaha nesa ba kusa ba.

Abin mamaki shi ne duk wannan yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu tun kafin a haifi kakan Bowlby. Ɗalibin da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kai Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, ya karanta cewa a mazhabar Imamu Malik renon yaro bayan saki haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta auri wani bare, reno ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, ciyarwa da tufatarwa kuwa suna kan uba duk inda yaron yake. A lura da jerin: malaman fiƙihu sun bi layin waɗanda galibi yaro ya fi sabawa da su, kuma suka fi tausayinsa. A cikin Risalar dai aka hana raba baiwa da ɗanta wajen ciniki har sai ya yi famfara. In shari'a ta tsare wa ɗan baiwa wannan haƙƙi a zamanin da ake sayar da mutane a kasuwa, da wace hujja magidanci a Zurmi ko Shinkafi, a jihar da ta yi shelar aiki da shari'a tun 1999, zai saki mace da safe, ya aika a karɓo masa ɗansa ɗan wata goma sha takwas da yamma, ya miƙa wa kishiya, don kawai ya ƙuntata wa uwar ko ya guje wa kuɗin ciyarwa? Cewa ɗa na uba ne magana ce ta nasaba da gado, ba ta shafi reno ba, kuma alƙalin da ya ga haka ya yi shiru ya bar abin da ya karanta.

Sai yaye. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, kuma ya rataya yaye kafin haka a kan yardar uwa da uba da shawararsu. Mu kuwa yayenmu na rana ɗaya ne: a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, a nemo rubutun dangana a ba shi. Neman rubutun kansa iƙirari ne cewa mun san yaron baƙin ciki yake yi. In kakar tana cikin gida ko maƙwabta, ya saba da ita tun yana tsumma, abin da sauƙi, nono kaɗai ya rasa. Amma a yau da gudun hijira ya warwatsa dangi, a ɗauki yaro daga Gurbin Ɓore a kai wa kakar da ke Gusau ko Jibiya, wadda bai taɓa gani ba, a kan hanyar da uwar ba ta da tabbacin sake binta cikin wata uku, wannan an haɗa masa rashi biyu a dare ɗaya, kuma a daidai shekarun da tamowa ta fi kama yara. Gaggawar da ake yi in mace ta sami ciki tana goyo, wai nonon ya zama guba, likitoci ba su tabbatar da ita ba. A rage masa a hankali, na rana kafin na dare, ana ƙara masa kunu da abinci, uwarsa na inda zai gan ta.

Na san za a ce mini, mutanen da ba su da abin da za su ci da dare, ba su san ko za su kwana a ɗaki ko a gona ba, ina su ina zancen zuciyar jariri? Amsata ita ce, a cikin dukan abin da yaron nan yake buƙata, wannan kaɗai ne ba a saya da kuɗi, kuma shi ne ɗan bindiga bai iya ƙonewa tare da rumbu ba, muddin mai renon tana raye. Maza ma ba su fita daga wannan magana ba. Ya inganta a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya kasance yana taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Kuma da Aƙra'u ɗan Habis ya yi alfaharin cewa yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, bai yaba masa ba, sai ma ya gargaɗe shi da rashin rahama. Manzon Allah kansa maraya ya tashi, ya san hannun Halimatu Sa'adiyya da bayan Shaima'u da ɗakin Ummu Aimana, kuma har ƙarshen rayuwarsa bai daina girmama waɗanda suka rene shi ba. Magidancin da gudun hijira ya raba da gonarsa, yake wuni a gindin bishiya yana jin kunyar a gan shi da jariri a kafaɗa, ya sani wanda ya fi shi daraja ya ɗauka a cikin masallaci.

Roƙona ga masu martaba sarakunan Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, da hakimai da dagatai, shi ne su sa baki a rabon marayu, a daina raba na goye da yayyensa in akwai yadda za a yi. Limamai su ware huɗuba guda a kan babin reno na Risala, su karanta shi yadda yake, ko da zai ɓata wa wasu masu sahun gaba rai. Alƙalai su mayar wa matan da aka saka 'ya'yansu ƙanana, su ɗora wa iyaye maza ciyarwa. Masu rabon kayan agaji kuma, na gwamnati da na ƙungiyoyi, in sun zo rubuta sunayen 'yan gudun hijira, su ƙara tambaya ɗaya a kan kowane yaron da bai kai shekara uku ba: wa ya saba da shi? Duk wadda aka nuna, uwa ce ko kaka ko gwaggo ko maƙwabciya, a rubuta sunanta tare da nasa, a danƙa rabonsa a hannunta, kuma kada a raba su wajen ba da masauki.